Allurar da Ake Gudu: Tarihin Yadda Ake Gano Sankarar Mama

A Sakasaka, kamar sauran unguwannin Tamale, akwai wata magana da kusan kowace mace ta taso ta ji a bakin iyaye: daji ba ya son allura. Wato idan ƙari ya fito wa mutum, musamman a mama, kada a kuskura ƙarfen asibiti ya taɓa shi, domin da zarar ya taɓa shi ciwon zai harzuƙa ya bazu. Ba mu Hausawan zango kaɗai ke da wannan fahimta ba. Dagwamba masu gari suna da irinta game da maruru da kumburi, har wani masanin al'adu mai suna Bernhard Bierlich, wanda ya zauna a cikinsu, ya wallafa bincike a shekarar 2000 kan yadda tsoron allura ya haɗe da tsoron mutuwa a ƙasar Dagbon.

Aikina gabatar da shirye-shirye a rediyo, kuma aikin jarida na karanta, ban karanta likitanci ba. Duk watan Oktoba, lokacin da ake gangamin wayar da kai kan sankarar mama, mukan gayyato ma'aikatan lafiya mu buɗe layin waya. Tambayar da ta fi maimaituwa ita ce: "An ce za a sa allura a ɗebi tsoka, in yarda?" Wani lokaci mai ciwon ce ke kira, wani lokaci mijinta ko yayarta. Amsar likita daban take, kuma ita ce gaba. Abin da ni zan iya shi ne in bi sawun allurar nan in ga daga ina ta fito, kuma wace matsala aka ƙirƙiro ta don ta magance. Abin da tarihi ya nuna shi ne an kawo ta ne don a raba mata da wuƙar da ake sa musu ba tare da an san ciwonsu ba.

Zamanin hannu da ido

Ciwon ya daɗe tare da ɗan Adam. Wata tsohuwar takardar likitanci ta Masar, wadda aka kwafa kimanin shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, ta yi bayanin wani kumburi mai tauri a ƙirji, marar zafi da ruwa, marubucin kuma ya nuna ba shi da maganinsa. Likitocin Girka sun kira ciwon da sunan ƙaguwa saboda yadda jijiyoyi ke miƙewa daga ƙarin kamar ƙafafunta, kuma wannan ma'anar ce Larabawa suka riƙe a kalmar saraɗan. A Andalus, Abul Ƙasim Azzahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayani a littafinsa Attasrif cewa ana iya cire ciwon idan yana ƙarami kuma a wurin da hannu zai kai, kamar mama, amma idan ya tsufa ya girma bai taɓa warkar da shi ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba.

Duk waɗannan masana da hannu da ido suke aiki, su kuwa hannu da ido suna da iyaka. Mafi yawan ƙullutun da ke fitowa a mama ba sankara ba ne. Akwai ƙullutu mai santsi mai zillewa da ke yawan fito wa 'yan mata, akwai jakar ruwa, akwai ƙurjin da mai shayarwa kan yi. Akwai kuma sankarar da a farkonta ba ta ciwo ko kaɗan, tana kama da waɗancan. Likitan da ba shi da komai sai tafin hannu yana tsakanin kuskure biyu: ya yanke maman da ba shi da laifi, ko ya bar mugun ciwo har ya gagara.

Madubin likita da wuƙar Halsted

Mafita ta fara ɓullowa daga Jamus. A 1838 Johannes Müller ya duba tsokar sankara a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ya ga ashe ita ma tarin ƙwayoyin halitta ce. Ɗalibinsa Rudolf Virchow ya fitar da littafi a 1858 wanda ya kafa ilimin gano cuta ta hanyar duba ƙwayoyin halittar jiki, ilimin da ake kira fatoloji. Daga nan aka san cewa sunan ciwon yana rubuce a cikin tsokar kanta, sai dai a sami hanyar ɗebo ta a karanta.

Likitocin fiɗa ba su jira ba. A 1894 William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya fitar da sakamakon mata 50 da ya yi wa wata babbar tiyata: a cire mama gaba ɗaya, da tsokar ƙirji da ke ƙarƙashinsa, da kaluluwar hammata. Wannan tiyata ta yi sarauta kusan shekara 80. A 1905 Louis Wilson na asibitin Mayo ya gyara wata dabara ta daskarar da 'yar tsoka da sanyi, a yanka ta siriri a duba nan take, a ba likitan fiɗa amsa cikin 'yan mintuna. Ci gaba ne babba, amma ga abin da ya haifar: mace za ta sa hannu a takarda, a sa ta barci da sunan za a ɗebi tsoka, idan amsa ta fito sankara ce sai a ci gaba da yanka tana cikin barcin. Ba za ta san hukuncin da aka yanke mata ba sai ta farka ta shafa ƙirjinta.

Wadda ta tsaya kai da fata a kan wannan tsari 'yar jarida ce, Rose Kushner. Ta ji ƙullutu a mamanta a 1974, ta ƙi yarda a haɗa mata gwaji da yanka a zama ɗaya, ta sha yawo kafin ta sami likitan da ya amince. Ta ci gaba da rubuce-rubuce da gwagwarmaya, har a 1979 wani kwamitin ƙwararru na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka, wanda tana cikinsa, ya ba da shawarar a raba matakan biyu: a fara gwaji, a gaya wa mace sakamako, sannan a zauna da ita a yanke shawara.

Daga ina allurar ta fito

Tun kafin Kushner wasu likitoci na neman hanyar ɗebo tsoka ba tare da tiyata ba. A 1930 Hayes Martin da Edward Ellis na asibitin Memorial a birnin Niyu Yok suka nuna ana iya zuƙo ƙwayoyin halitta daga ƙari da allura da sirinji. Likitocin asibitin Karolinska a Suwidin suka inganta dabarar a shekarun 1950 da 1960 da allura siririya. A farkon shekarun 1980, a Suwidin ɗin dai, aka ƙera wata allura mai kunama wadda ke harbawa cikin ƙiftawar ido ta yanko tsoka kamar silin taliya. Ita ce aka fi amfani da ita yau. Ana kashe zafin wurin, a ɗebo sili kaɗan, a manna filasta, mace ta koma gida da ƙafarta a ranar.

To, shin tana baza ciwon? An bibiyi mata masu yawan gaske da aka yi wa wannan gwaji tsawon shekaru, ba a ga ya rage musu tsawon rai ba. Abin da ke baza sankara shi ne lokacin da aka ba ta, domin kullum tana neman hanya ta kaluluwa da jini zuwa ƙashi da huhu da hanta.

Hoto yana nuna wuri

Allura tana buƙatar jagora, jagoranta kuwa hoto ne. Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a 1895. A 1913 wani likitan fiɗa a Barlin, Albert Salomon, ya ɗauki hoton mama kimanin 3,000 da aka riga aka cire, ya gwada abin da hoto ya nuna da abin da madubi ya nuna. Sai a 1960 Robert Egan a birnin Houston ya fitar da tsarin ɗaukar hoton da kowane asibiti zai iya bi, wanda shi ne tushen hoton mamogiram. A 1963 aka fara wani babban gwaji a Niyu Yok da mata sama da 60,000, aka ga waɗanda ake gayyata duba a kai a kai mutuwarsu daga wannan ciwo ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100.

Shi kuwa sikanin, wanda matanmu suka sani a wurin awon ciki, da amon sauti yake aiki, kuma an fara gwada shi a kan mama tun farkon shekarun 1950. Yana bambanta jakar ruwa da ƙullutu mai tauri, yana kuma nuna wa likita bakin allura a lokacin da take shiga. Ga mace mai ƙarancin shekaru, wadda tsokar mamanta ke da kauri har mamogiram ba ya gani sosai, da sikanin ake farawa. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin a Ghana ciwon ya fi bayyana ga mata 'yan shekara 40 zuwa 50 da 'yan kai, ƙasa da shekarun da ya fi bayyana a Turai.

Amma hoto komai kyansa zato yake ƙarfafawa ko ya raunana. Shi ya sa likitoci suka tsaya a kan shaidu uku: hannun likita, hoto, da tsoka. Idan ukun suka yi daidai, an sami gaskiya. Idan ɗaya ya saɓa, sai a sake bincike.

Abin da takardar sakamako ke ɗauke da shi

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka takardar ɗakin gwaji "e" ko "a'a" kawai take cewa. A yau ta wuce haka, kuma wannan ma da tarihinsa. A 1896 George Beatson a Glasgow ya lura cewa cire ƙwan mahaifa yana sa sankarar wasu mata ta ja baya, wasu kuma ko gezau. Ba a gane dalili ba sai bayan 1958, lokacin da Elwood Jensen ya gano cewa wasu ƙwayoyin halitta suna da wata kafa da sinadarin mata na istrojin ke maƙalewa. Sankarar da ke da wannan kafa da sinadarin take ƙiba. Ƙwayar tamoksifen, wadda aka amince da ita a Ingila a 1973, toshe kafar take yi, ana shan ta kullum shekara 5 zuwa 10. A 1987 Dennis Slamon ya nuna wata sankarar tana tara wani sinadari mai suna HER2 da ke sa ta saurin girma, a 1998 kuma aka amince da maganin Herceptin da aka yi musamman dominta.

Saboda haka mata uku za su iya zuwa da ƙullutu iri ɗaya a hannu, iri ɗaya a hoto, amma maganinsu daban-daban. Ta farko ƙwaya za ta taimake ta. Ta biyu tana buƙatar maganin HER2. Ta uku ba ta da ko ɗaya daga cikin kafofin da ake nema, sai a dogara da ƙarin ruwan kemo da tiyata da gashi. Binciken haɗin gwiwa tsakanin asibitin Komfo Anokye na Kumasi da Jami'ar Michigan, wanda Dakta Lisa Newman da Dakta Baffour Awuah suka jagoranta, ya nuna wannan nau'i na uku ya fi yawa a tsakanin matan Ghana nesa ba kusa ba idan aka gwada da Turawan Amurka. Ba da magani babu wannan gwaji harbi ne a duhu, ga asarar kuɗi ga asarar lokaci.

Akwai wani albishir a cikin tarihin. Umberto Veronesi a Italiya a 1981, da Bernard Fisher a Amurka a 1985, sun nuna cewa idan ƙarin ƙarami ne, cire shi kaɗai a bi da gashi yana ba da tsawon rai daidai da cire mama duka. Wato zuwa da wuri yakan ceci rai, wani lokaci har da maman.

Yadda madubin ya iso arewa

Duk wannan labarin ƙasashen waje ne. Mu a nan yaya aka yi? Bayan yaƙin basasar Salaga a 1892, fataken goro Hausawa suka watsu zuwa wasu garuruwa, a 1907 kuma Turawan Ingila suka mai da Tamale hedkwatar yankunan arewa, zango ya yi ta cika. Amma kayan binciken lafiya a bakin teku aka jibge su. Bayan annobar da ta faɗa wa Akra a 1908 aka kafa ɗakin gwaji a can, aka buɗe asibitin Korle Bu a 1923 zamanin Gwamna Guggisberg. Hankalin ɗakin gwajin yana kan cututtukan da ke kashe Turawa da ma'aikata, irin su shawara da zazzaɓin cizon sauro. Shawarar ce ma ta kashe masanin nan ɗan Japan, Hideyo Noguchi, a Akra a 1928, ta kuma kashe shugaban ɗakin gwajin, William Young, 'yan kwanaki bayansa. Ƙullutun maman wata mata a Dagbon ba ya cikin lissafin wancan zamani.

Babban asibitin Kumasi ya zo a shekarun 1950. Na Tamale an buɗe shi a 1974 zamanin mulkin Acheampong. An kafa Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wato UDS, a 1992, daga baya asibitin ya zama na koyarwa. Cibiyar gashi ta Korle Bu ta fara aiki a 1997, ta Komfo Anokye a 2004. Ko Kumasi ma ba ta tsira daga ƙarancin ƙwararru ba: a tsakiyar shekarun 2000 aikin binciken tsoka ya tsaya a can, sai da asibitin jami'a na Tromso a Norwe ya shigo, aka riƙa shirya gilasan gwaji a Kumasi ana aikawa can a karanta, yayin da likitoci 'yan Ghana ke samun horo. Idan haka ta faru a birni na biyu a ƙasa, mai karatu ya ƙiyasta halin da arewa ta kasance, inda tsokar da aka ɗeba sai ta yi tafiyar kusan kilomita 380 zuwa Kumasi ko sama da 600 zuwa Akra.

Yau Asibitin Koyarwa na Tamale yana da sashen fatoloji, kuma shi ne madogarar jihohin arewa biyar. Farfesa Edmund Der na wannan sashe da abokan aikinsa sun wallafa bincike a kan tsokar matan yankinmu, abin da suka gani kuwa ya yi daidai da na sauran sassan ƙasa: mata suna zuwa da ƙari babba, ciwo ya riga ya yi nisa.

A nan ne maganar iyayenmu ta samo ƙarfinta. Mace ta ji ƙullutu, ta yi wata da watanni ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai ya fashe ya fara wari sannan a kai ta asibiti. A sa allura, bayan wata uku ta rasu. Masu zaman makoki ba su ga watannin da suka wuce ba, allurar suka gani. Gobe maƙwabciyarta ta ji ƙullutu sai ta ɓoye. Haka tsoro ke haifar da jinkiri, jinkiri ya haifar da mutuwa, mutuwar kuma ta ƙara wa tsoron gindin zama. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na shekarar 2020 ya nuna mata 4,482 suka kamu a Ghana, 2,055 suka rasu. Kusan mutuwa ɗaya ke nan a kan kowane sabon kamu biyu, alhali a ƙasashen da ake ganowa da wuri kusan mata 9 cikin 10 suna raye bayan shekara 5.

Tafiyar kwalba

Akwai wani ɓangare da ya rataya a wuyan iyali, domin sau da yawa a ƙananan asibitoci ɗan uwa ake miƙa wa kwalbar tsoka a ce ya kai ɗakin gwaji. Ruwan da ke cikinta fomalin ne, shi ke hana tsokar ruɓewa. Ƙa'idar ƙwararru ita ce a sa tsoka a ruwan cikin awa 1 da cire ta, ta zauna daga awa 6 zuwa 72. Idan ta wuce haka sosai, gwajin kafofin nan na iya ba da amsar da ba daidai ba. A ɗakin gwaji ana tsane ruwanta, a daskarar da ita cikin kaki, a yanka ta fiye da fatar albasa siranta, a rina ta da shuɗi da ruwan hoda, sannan likitan fatoloji ya karanta. Kwalbar da aka ajiye a ƙarƙashin gado ana jiran kuɗi, ko aka binne don a ce naman jikin mutum ne, ta tafi da amsar da za a gina magani a kanta.

Maganar kuɗi gaskiya ce, ba a raina ta. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2003, ta sa sankarar mama cikin cututtukan da take ɗauka, amma a aikace iyalai kan biya wasu gwaje-gwajen daga aljihu, ga kuɗin mota da masauki idan an tura mutum gashi a kudu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe ma'auni uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu ciwon a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala duba da hoto da gwajin tsoka cikin kwana 60, sannan kashi 80 cikin 100 su kai ƙarshen magani. Da wannan ma'auni ya kamata mu 'yan jarida mu riƙa tambayar hukumomi: kwana nawa sakamako ke ɗauka a arewa, na'ura nawa ke aiki, likitan fatoloji nawa muke da su?

Ke kuma 'yar uwa, idan kin ji ƙullutu, ko kan mama ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta yi kamar ɓawon lemo, ko kaluluwa ta fito a hammata, ki je a duba a makon. Ki tambayi likita abu huɗu: wane hoto ya dace da shekaruna, yaushe za a ɗebi tsoka, yaushe sakamako zai fito, kuma za a yi gwajin kafofin nan? Ki karɓi kwafin takardarki ki adana. Kada ki yarda a yi miki yanka a cire ƙullutu a jefar ba a kai shi gwaji ba, ko da an ce ba komai ba ne. Maigida, yawanci izini da kuɗin mota a hannunka suke, rakiyarka kuma ta fi kowane lallashi. Malamanmu da magajiyoyin unguwa, ku ake fara kawo wa kuka kafin a je ko'ina. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.